Baƙin tabo a fata da batun "gyara daga ciki": ina likitanci ya tsaya, ina kasuwa ta shiga?

Duk wanda ya zaga layin masu kayan shafa a Babbar Kasuwar Gombe cikin 'yan shekarun nan, ko yake bibiyar tallace-tallacen da ke yawo a WhatsApp da TikTok, zai lura cewa harshen ciniki ya sauya. Kalmar "bilicin" ta zama abin kunya, da wuya a sami mai sayarwar da za ta amsa cewa shi take sayarwa. Abin da ake ji yanzu shi ne "man goge tabo" da "haɗin oganik", sai kuma wata magana mai daɗin ji da ta samu karɓuwa, wai fata daga ciki ake gyara ta. A inuwar wannan magana ake sayar da shayin wankin ciki, da ƙwayoyin haske, da garin ganyayyaki, har da ƙarin ruwa da ake ɗaura wa mace a ɗakin gyaran jiki.

Sauyin ya zo ne a daidai lokacin da hukuma ta ƙara matsa lamba. A shekarar 2023 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta bakin shugabarta Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana shafe-shafen bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a faɗin ƙasa. Wannan ya bar mutane da yawa cikin ruɗu, musamman waɗanda ba farar fata suke nema ba: budurwar da kuraje suka bar wa tabo a kumatu, mai jegon da goshinta ya yi duhu tun tana da ciki, magidancin da bayan wuyansa ya yi baƙi. Idan suka je asibiti, likita ma yakan ce a duba jiki gaba ɗaya kafin a taɓa fatar. Ke nan likita da mai talla suna furta magana iri ɗaya, alhali abin da kowannensu yake nufi da ita ya sha bamban.

Mene ne duhun fata, kuma me ya raba maganinsa da bilicin?

Launin fatar ɗan Adam yana zuwa ne daga wani sinadari da ake kira melanin, wanda wasu ƙwayoyin halitta da ke kwance a ƙasan shimfiɗar fata ta sama suke sarrafawa. Yawan waɗannan ƙwayoyi kusan ɗaya ne a jikin baƙin mutum da na Bature. Bambancin yana wajen yawan melanin ɗin da suke fitarwa da yadda suke rarraba shi. Aikin melanin kariya ne, domin shi ke tare wani kaso na hasken rana mai lahani kafin ya yi ɓarna a cikin fata. Saboda haka ne ciwon dajin fata da rana ke haddasawa bai yawaita a tsakanin baƙaƙen fata ba kamar yadda yake a tsakanin Turawa, kuma saboda haka ne zabiya ke fuskantar haɗarin da sauran jama'a ba sa fuskanta.

Duhun fata da ake magana a kai shi ne wani sashe na jiki ya tara melanin fiye da kewayensa, ya fito a matsayin tabo, ko shaci, ko kanta. Mai neman maganinsa yana son wurin ya koma launin da Allah ya yi shi da shi. Mai bilicin kuwa yana son ya dushe launin jikinsa baki ɗaya ya wuce asalinsa. Malamai da dama sun rarrabe tsakanin biyun a wa'azinsu, suna ganin na farko neman magani ne, na biyu kuma sauya halitta. Wahalar ita ce wasu sinadaran da ake amfani da su a ɓangarorin biyu iri ɗaya ne, abin da ya raba su shi ne ƙarfin haɗin, da faɗin wurin da ake shafawa, da tsawon lokacin da ake ɗauka, da kuma ko akwai mai ilimi da ke sa ido.

Tabon da fata ke yi wa kanta

Mafi yawan tabon da ake gani a fuskokin matasa na bayan rauni ne. Ƙwayoyin da ke sarrafa launi a baƙar fata suna da saurin harzuƙa, ta yadda duk abin da ya jawo kumburi ko ƙaiƙayi zai iya sa su zubo da melanin a wurin. Kurajen fuska, cizon sauro da aka sosa, ƙarambau, ƙazuwa, makero, ƙunar tafasasshen mai, kurajen aski a haɓar maza, duk suna warkewa su bar baƙin shaci. Idan launin ya tsaya a shimfiɗar sama, yakan dushe da kansa cikin wata shida zuwa shekara guda. Idan kuwa raunin ya yi zurfi har launin ya zube a shimfiɗar ƙasa, tabon yakan yi toka-toka, kuma yana iya ɗaukar shekaru.

Daga nan ake gane dalilin da ya sa wasu dabarun gida suke ƙara dagula lamarin. Dirzar fuska da soso mai kaushi, matse kuraje da farce, shafa ruwan lemun tsami a fita rana, goga man goge baki ko tafarnuwa a kan ƙurji, kowannensu sabon rauni ne a kan tsohon. Lemun tsami yana da nasa haɗari na musamman, domin akwai sinadarai a ɓawonsa da ruwansa waɗanda idan suka haɗu da hasken rana suke ƙona fata su bar tabo mai kama da zanen ɗigar ruwa. Baƙin lalle na zamani, wanda ake haɗawa da sinadarin rinin gashi mai suna PPD don ya kama da wuri, yakan sa hannun wasu amare ya kumbura ya yi ƙuraje masu ruwa, bayan biki kuma zanen ya zauna a matsayin tabo. Jan lalle na gargajiya ba kasafai yake yin haka ba.

Akwai ma wani tabo da hunturu ke kawowa. Tsohuwar da ta saba ajiye kaskon garwashi kusa da ƙafafunta kowane dare daga Disamba zuwa Fabrairu tana iya wayar gari ta ga wani zane mai kama da raga a ƙwaurinta. Zafin bai kai ya ƙona ta ba, amma maimaita shi ya isa ya tayar da launi, kuma maganinsa na farko shi ne a matsar da kaskon.

Lokacin da fata ke ba da labarin abin da ke ciki

A nan ne maganar duba jiki gaba ɗaya take da ƙarfinta na gaskiya, kuma misalin da ya fi kowanne bayyana shi ne baƙin wuya. A gidaje da yawa akwai yarinya mai jiki, ko matar aure da ta yi ƙiba bayan haihuwa ta uku ko ta huɗu, wadda bayan wuyanta da hammatarta suka yi baƙi, fatar wurin ta yi kauri da laushi kamar karan-miski. Abin da ake fara ce mata shi ne ba ta iya wanka ba. Uwa ta zaunar da 'yarta a bayan gida, ta kama soso da sabulun salo tana dirza tana faɗa: "Ke wai wace irin dauɗa ce wannan da ba ta fita?" Wuyan ya yi ja, ya yi raɗaɗi, bayan kwana biyu ya dawo ya fi da duhu. Abin da ake dirzawa ba dauɗa ba ce. Likitoci suna kiran wannan yanayi akantosis, kuma a mafi yawan lokuta alama ce ta cewa jiki ya fara ƙin amsa kiran insulin, sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa cikin tsoka. Idan jiki ya yi wannan taurin kai, sai a ƙara yawan insulin ɗin da ake fitarwa, shi kuma yawan nasa ya sa fatar lunguna ta yi kauri ta yi duhu.

Muhimmancin wannan alama shi ne takan bayyana shekaru kafin ciwon suga ya kama mutum sosai. Gwajin jini da safe kafin karin kumallo shi ne matakin farko; idan aka maimaita shi ya kai 126 a ma'aunin da aka fi amfani da shi, wato 7.0 a ɗaya ma'aunin, an shiga layin ciwon suga. Amma sakamakon yana iya fitowa daidai alhali taurin kan insulin ya riga ya fara, don haka likita yakan haɗa da auna nauyi, faɗin ƙugu, hawan jini da tarihin iyali. Ga mace, idan baƙin wuyan ya haɗu da rikicewar al'ada, da kurajen da suka ƙi ci suka ƙi cinyewa, da gashi a haɓa, da jinkirin samun ciki, akan yi zargin matsalar ƙwan mace da ake kira PCOS. A duk waɗannan, abin da ke rage duhun shi ne rage ƙiba, motsa jiki, rage lemun kwalba da shayi mai kaurin suga da tulin farar shinkafa, da shan magani idan likita ya ga dacewar haka. Man shafawa, komai tsadarsa, bai kai ga tushen ba.

Na biyu shi ne melasma, duhun da ke shimfiɗuwa a kumatu biyu, da goshi, da saman leɓe, kusan iri ɗaya hagu da dama. Ya fi kama mata, kuma abubuwa uku ne ke haɗuwa su tayar da shi: gado, sinadaran jikin mace, da rana. Shi ya sa yake yawan fitowa lokacin goyon ciki, ko bayan an fara shan ƙwayoyin tazarar haihuwa. Na ciki sau da yawa yakan ragu da kansa cikin watannin da ke biye da haihuwa, kodayake yana iya dawowa a ciki na gaba. An kuma lura cewa masu melasma sun fi sauran mutane yawan samun matsalar halittar nan ta gaban wuya da kumburinta ke kawo maƙoƙo, don haka wasu likitoci sukan sa a gwada ta idan akwai wasu alamu. Melasma ciwo ne da ake lallaɓawa, yana lafawa yana tashi, kuma duk mai alƙawarin kawar da shi har abada cikin mako biyu ya faɗi abin da ilimin likitanci bai kai gare shi ba.

Ƙarancin abinci mai gina jiki ma yana da tasa alamar. Rashin bitamin B12, wanda ake samu a nama, hanta, kifi, ƙwai da nono, yana sa gaɓoɓin yatsu da tafin hannu su yi baƙi, tare da kasala, ƙarancin jini da jin kamar ana tsira allura a ƙafa. Masu ciwon suga da suka daɗe suna shan metformin suna cikin waɗanda wannan ke iya samu. Idan aka cike giɓin, launin yakan koma daidai. Sai kuma felagira, ciwon rashin sinadarin niyasin, wanda tarihi ya san shi a wuraren da masara ta zama abincin safe da rana da dare ba tare da mahaɗi ba. Fatar da rana ke duka, wato bayan hannu, ƙafa da zagayen wuya, takan yi baƙi ta yi kaushi kamar ta ƙone, gudawa da rikicewar tunani su biyo baya. A jihar da masara ke da babban matsayi a tukunya, abin lura ne cewa gyaɗa, wake, kifi da nama su ne ke toshe wannan ƙofa, kuma ƙuli-ƙuli ma yana da rawar takawa.

Akwai wanda bai cika faruwa ba amma yana da haɗari. Wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda suna fitar da sinadarin da ke riƙe ƙarfin jiki da bugun jini. Idan suka lalace, abin da ake kira cutar Adison, fata takan yi duhu a ko'ina, har da layukan tafin hannu, da dasashi, da tsofaffin tabo, mutum ya rame, ya riƙa jiri, ya riƙa kwaɗayin gishiri. A ƙasashe irin namu tarin fuka na cikin manyan abubuwan da ke jawo ta. Ciwon ƙoda da na hanta da suka daɗe su ma suna dusashe fata su sa ta duhu.

Na ƙarshe a wannan layi su ne magungunan da mutum yake sha da hannunsa. Wani zai ga wani kewayayyen baƙin tabo, kamar an ɗora kwabo, a leɓensa ko a hannu ko a al'aura, wanda ke yin ja da ƙaiƙayi duk lokacin da ya sha wani magani, kuma a wuri ɗaya kullum. Septrin da Fansidar suna cikin waɗanda aka fi sani da wannan, haka ma wasu magungunan ciwon jiki da ake saya a kemis ba tare da takarda ba. Kulorokwin idan aka daɗe ana sha, da ɗaya daga cikin magungunan kuturta, da wasu tsofaffin magungunan cutar HIV, duk suna iya sauya launin fata ko farce. Wannan ba dalili ba ne na mutum ya yanke maganin kuturta ko na HIV da kansa. Abin yi shi ne ya nuna wa wanda ya rubuta masa.

Abin da doka ta hana, da dalilin hanin

Ƙa'idojin NAFDAC sun haramta zuba zaiba, wato makuri, da magungunan sitiroyid a cikin kayan kwalliya, sun kuma taƙaita sinadarin haidirokwinon ga kashi 2 cikin 100. Wasu ƙasashen sun wuce haka: Afirka ta Kudu ta hana haidirokwinon a kayan kwalliya tun 1990, Tarayyar Turai a 2001, Kodebuwa ta hana mayukan bilicin a 2015, Ruwanda kuma ta shiga kwashe su daga kasuwanni a 2018. Game da zaiba, yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Minamata ta 2013, wadda Nijeriya ke cikinta, ta fara da ƙayyade adadi ƙanƙani, sannan a taron ƙasashen da ke cikinta na 2023 aka amince a hana shi kwata-kwata a kayan shafa daga 2025.

Kowanne daga cikin ukun yana da irin ɓarnarsa. Haidirokwinon yana toshe hanyar sarrafa melanin, kuma likitocin fata har gobe suna rubuta mai ƙarfin kashi 4 don melasma, a shafa a kan tabon kaɗai na 'yan watanni sannan a dakata. Idan aka shekara ana mulka shi a fuska ana shiga rana, yakan juya ya haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a ƙashin kumatu, mai ɗigo-ɗigo da kaushi, wanda yake cikin tabon da ya fi wuyar magani. Wannan shi ne abin da ake gani a fuskokin wasu da suka daɗe a harkar, kumatu baƙi ƙirin, sauran fuska jajir. Sitiroyid irin su kulobetasol, waɗanda ke zuwa a ƙananan tif masu araha, su ne sirrin haɗin da ke "aiki cikin kwana bakwai". Suna sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito, su kawo nankarwa mai faɗi, kuraje, makero mai yaɗuwa da raunin da ba ya saurin haɗewa, abin da ke ba likitocin tiyata wahala wajen ɗinki. Idan aka shafe jiki da su na tsawon lokaci sukan ratsa cikin jini su tayar da hawan jini da suga. Zaiba kuwa ƙoda da ƙwaƙwalwa take nufa, tana kuma iya kai wa ga jariri a ciki ko ta nono, har ma ga mutanen gida ta tawul da zanen gado.

Giɓin da ke cikin dokar a fili yake. Tana aiki a kan kayan da ke da suna da lambar rajista, alhali babban kaso na cinikin yana gudana ne a robar da ba ta da rubutu. Mai haɗi tana zaune da babban kwano da muciya, ta matse tif huɗu ko biyar, ta zuba wani ruwa daga ƙaramar kwalba, ta ƙara man kaɗanya da kurkum da turare, ta juya. Idan mai saye ta tambaya, amsar ba ta wuce: "Hajiya, wallahi babu kemikal, duk na itatuwa ne." Mai yiwuwa ita kanta ba ta san abin da ke cikin tif ɗin ba. Man kaɗanya da kurkum da zuma ba sa mayar da baƙar mace fara cikin mako guda. Duk haɗin da ya yi haka, akwai wani abu a cikinsa da ba a faɗa ba.

Akan yawaita ambaton alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011, cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da man haske. Asalin adadin bincike ne da aka yi a tsakanin 'yan kasuwa a Legas, don haka bai kamata a ɗauke shi a matsayin hoton Kumo ko Dukku ko Bajoga ba, duk da cewa babu mai musun yaɗuwar al'adar a Arewa.

Inda ɓangarorin suka haɗu da inda suka rabu

Masu kiran a gyara daga ciki suna da hujjoji da likitoci ba sa ja da su. Abinci mai saurin tayar da suga yana da alaƙa da tsanantar kurajen fuska, kuraje kuma su ne uwar tabo. Damuwa da rashin barci suna tayar da kuraje da ƙaiƙayi. Fata tana buƙatar bitamin C da furotin kafin ta gyara rauni, kuma gwaiba, lemo, garin ɗiyan kuka, zogale da tumatir suna samar da bitamin ɗin ba tare da an sayi ƙwaya daga waje ba. Sun kuma yi gaskiya da suke cewa asibiti mai cunkoso ba ya ba likita sararin tambayar mara lafiya abin da yake ci da yadda yake kwana.

Rabuwar tana farawa ne daga iƙirarin cewa tabo "dattin jini" ne ko "dattin ciki" da ake wankewa. Hanta da ƙoda ke tace jini, kuma babu wata hujja da ta nuna shayin gudawa ko jiƙon saiwa yana goge tabo. Abin da aka tabbatar shi ne wasu haɗe-haɗen da ba a san awonsu ba suna raunata hantar da ƙodar da ake cewa ana wankewa. Yawan shan ruwa yana da amfani a zafin Gombe, amma ba ya rage melanin. Gulutatayon, wanda ya zama abin yayi, sinadari ne da jiki ke yi da kansa. 'Yan binciken da aka yi a kan ƙwayarsa ƙanana ne kuma na gajeren lokaci, hasken da aka gani kaɗan ne kuma yana gushewa idan an daina. Na allura da ƙarin ruwa kuwa, hukumomin magunguna a ƙasashe irin su Filifin sun yi gargaɗi a kansa saboda haɗarin lahani ga hanta da ƙoda da mummunan borin fata, ban da cututtukan da allurar da ba a tsabtace ba ke ɗauka.

Likitocin fata, a nasu ɓangaren, suna ganin cewa ko an gyara ciki, tabon da ya riga ya zauna yana buƙatar aiki daga waje. Suna amfani da sinadarai irin su azelayik, wanda ake yarda da shi ga mai ciki, da niyasinamaid, da bitamin C na shafawa, da dangin retinoyid waɗanda aka hana mai ciki. Ga melasma mai taurin kai akan ba da ƙwayar tiranekzamik, bayan an tabbatar mutum ba shi da tarihin daskarewar jini. Ɓare fata da ruwan asid ko ƙona tabo da na'urar leza suna buƙatar hannun da ya san baƙar fata, domin kuskure kaɗan zai bar tabon da ya fi na farko. Sukar da ake yi wa wannan ɓangare ita ce tsada da nisa: ƙwararrun likitocin fata kaɗan ne a ƙasar, galibinsu a asibitocin koyarwa, kuma mai tabo a Nafada ya fi kusa da mai kemis fiye da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe.

Masu gyaran jiki na gargajiya suna tsakiya. Dilka da halawa da turare sun daɗe a al'adar aure a wannan yanki, kuma aikin dilka shi ne cire matacciyar fata ta sama, jiki ya yi santsi da sheƙi na ɗan lokaci. Matsalar tana zuwa ne idan aka dirza da ƙarfi a kan kuraje, ko aka saka tif a cikin haɗin don amarya ta "fito" kafin ranar kamu.

Rana, wadda kowa ke mantawa da ita

Gombe tana kusan daraja 10 arewa da tsakiyar duniya, kuma a watannin Maris da Afrilu zafi yakan kusanci 40 a ma'aunin Selshiyos. Kowane irin tabo, ko na kuraje ko na melasma, rana tana ƙara masa duhu, kuma a baƙar fata har hasken da ido ke gani yana da wannan tasiri, ba ɓoyayyen hasken nan mai ƙuna kaɗai ba. Shi ya sa likitoci ke ba da shawarar man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama, musamman mai ɗan launin ƙasa, wanda ke tare hasken fili kuma ba ya barin fuska fari fat kamar an shafa toka. Tsadarsa ta sa ya fi ƙarfin mutane da yawa. Malafa mai faɗi, laima, da kauce wa tsakar rana inda hali ya yi suna rage wani abu. Hijabi yana rufe wuya da jiki, amma kumatu da goshi, inda melasma ke zama, a buɗe suke. Mai noman rani a Dadin Kowa, da mai tallar nono, da ɗan acaɓa, ba su da zaɓin zama a inuwa, don haka maganin da ya yi wa ma'aikaciyar ofis aiki cikin wata uku yana iya ɗaukar su fiye da haka.

Abin da wannan ke nufi ga mai tabo

Ga mai ƙaramin ƙarfi, lissafin kuɗi ya karkata ga bincike. Gwajin suga, awon hawan jini da gwajin yawan jini ana yin su a manyan asibitocin ƙananan hukumomi da cibiyoyin lafiya da dama, kuma sau ɗaya ake biya, alhali robar haɗi kowane wata ake sake saye, idan aka daina kuma fata ta koma ta fi da baƙi. Tambayoyin da ma'aikacin lafiya zai yi su ne yaushe tabon ya fara, me ya riga shi, wane magani ake sha, yaya al'ada take, ko akwai ciki, da kuma me aka shafa a baya. Tambaya ta ƙarshe ita ce mutane suka fi ɓoyewa saboda kunya, kuma ita ce ta fi sauya shawarar likita. Zuwa da robobin gaba ɗaya, har da marasa rubutu, yana taƙaita hanya.

Wadda ta shekara tana shafa haɗin da ke da sitiroyid ba a so ta yanke shi dare ɗaya. Fatar takan yi ja ta yi zafi ta feso da kuraje, abin da ke sa mata da yawa komawa ga robar suna ganin ita ce magani, sannan idan sinadarin ya riga ya danne halittun saman ƙoda, yankewa kwatsam na iya jawo kasala mai tsanani da faɗuwar bugun jini. Janyewa a hankali ƙarƙashin kulawar likita ita ce hanyar da aka sani. Ga yara abin ya fi tsanani, domin fatarsu ta fi siriri kuma tana tsotse abin da aka shafa fiye da ta manya.

Lokaci ma wani abu ne da talla ke ɓoyewa. Shimfiɗar fata ta sama tana ɗaukar kimanin wata guda kafin ta sabunta, don haka maganin da ya dace yana buƙatar mako 8 zuwa 12 kafin a yanke hukunci a kansa, kuma sai an fara kashe kurajen ko ƙaiƙayin da ke haifar da sababbin tabo.

Akwai tabon da ba a jira da shi ko kaɗan. Baƙin ɗigo a tafin ƙafa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce, wanda yake girma, ko gefensa ya karkace, ko launinsa ya rarrabu, ko ya fara zubar da jini, yana iya zama melanoma, ciwon dajin da a jikin baƙar fata ya fi fitowa a waɗannan wurare. Sau da yawa akan ɗauka ƙaya ce ta taka mutum ko kaushi ne, a yi ta sa masa magani a gida har ya zama gyambo. Haka nan baƙin wuya da ya bayyana farat ɗaya a jikin dattijon da ba shi da ƙiba, yana kuma ramewa, yana buƙatar binciken ciki cikin gaggawa a babban asibiti.